Tsofaffin lasifikoki da irin ampilin da kowace ke bukata

A cikin kayan gwanjon da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, su hau manyan motoci su iso kasuwannin Yamai, Maraɗi da Damagaram, jifa-jifa akan tsinci waɗansu akwatunan katako masu nauyin gaske, fuskarsu rufe da yadi mai kauri wanda ya koɗe, a jikinsu kuwa an liƙa ɗan ƙarfe mai ɗauke da suna: Tannoy, Wharfedale, Cabasse, JBL, ko kuma haruffa biyu kacal, AR. Lasifikoki ne na zamanin da, waɗansunsu ma sun girmi mai sayar da su. Abin da ya saba faruwa da su bai wuce ɗayan biyu ba. Ko dai mai saye ya haɗa su da ƴar ƙaramar rediyo ya ji sauti ya fito a shaƙe, ya ce an cuce shi. Ko kuma ya haɗa su da ƙaton ampili irin na masu kiɗan biki, ya murɗa har ƙarshe, kafin la'asar warin ƙonanniyar waya ya cika ɗaki.

A haƙiƙa maƙerin kowace lasifika ya ƙera ta ne daidai da ampilin zamaninsa. Tsakanin shekarar 1945 da ta 1985 kuwa ampili ya sake kama sau da dama, daga mai wat 8 har zuwa mai wat ɗaruruwa. Saboda haka akwatuna biyu na iya zama a rumfa guda, launinsu ɗaya, girmansu kusan ɗaya, amma abincin da ke ƙosar da wannan shi ne ajalin wancan.

Wat ɗaya, mita ɗaya

Tambayar farko da mai saye kan yi ita ce: wat nawa ce? Amsar ba ta ƙara masa komai a kan abin da yake son sani. Lasifika ba ta haifar da wat, karɓa take yi. Lambar da aka rubuta a bayanta tana nuna iyakar abin da za ta iya jurewa ne kafin wayar cikinta ta ƙone, kamar dai a ce jaki na iya ɗaukar buhu biyu, alhali wannan bai faɗi komai ba game da saurin tafiyarsa.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ke nuna kaifin lasifika, wato yawan ƙarar da take mayarwa in an ba ta wat ɗaya tak. Masu gwaji kan kafa makirufo mita ɗaya daga gabanta, su auna ƙarar da ma'aunin da ake kira desibel. Lissafin wannan ma'auni yana da ban mamaki ga wanda ya saba da lissafin kasuwa. Duk ƙarin desibel 3 yana bukatar a ninka wat sau biyu. Ƙarin desibel 10, wanda shi ne kunne ke ji kamar ƙara ta ninka, yana bukatar wat ninki goma. Ke nan ma'aikacin da ya sayar da ampilinsa mai wat 50 ya yi ciko ya ɗauki mai wat 100, desibel 3 kaɗai ya saya, bambancin da sai an kasa kunne ake ji. Amma tsakanin lasifika mai kaifin desibel 104 da mai 86 akwai ratar desibel 18, ma'ana abin da ta farko za ta yi da wat ɗaya, sai an ba ta biyu wat 64 kafin ta kamo ta. Duka nau'o'in biyu suna nan cikin tsofaffin kaya, kuma tarihi ne ya raba su.

Zamanin ƙaho

A shekarun 1930 da 1940 wat abu ne mai tsada. Ampilin wancan zamani da ƙwayayen gilashi yake aiki, masu kama da ƙwan fitila, masu zafi da cin wuta. Shahararren ƙwan nan 300B na kamfanin Western Electric, wanda ya fito a 1938, wajen wat 8 yake bayarwa in shi kaɗai ne. Duk da haka masu gidajen silima a Amurka suna da bukatar cika ɗaki mai ɗaukar ɗaruruwan mutane da muryar ƴan wasa. Dabarar da injiniyoyi suka kama ita ce ta ƙaho. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai busa kakaki ya san cewa leɓen mutum shi kaɗai ba ya isar da sauti bayan gari, dogon ƙarfen da ke buɗewa a hankali shi ke kama iska ya tura ta. Haka aka riƙa sa ƙaho a gaban mazurarin lasifika, har aka samu manyan lasifikokin silima na kamfanin Altec da ake kira Voice of the Theatre.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka shigar da ƙaho cikin falon gida shi ne Paul Klipsch, injiniya, wanda ya kafa masana'antarsa a 1946 cikin wata rumfar kwano a garin Hope na jihar Arkansas, garin da aka haifi Bill Clinton a wannan shekarar. Matsalar da ta tare shi ita ce, ƙahon da zai fidda kakkauran sauti, wanda ake ce wa bas, dole ya yi tsawo da faɗin baki fiye da abin da ɗaki zai ɗauka. Sai ya nannaɗe ƙahon a cikin akwati, ya tsara shi yadda in an cusa akwatin a kusurwar ɗaki, bango biyu da daɓe za su zama ƙarashen ƙahon. Wannan ita ce Klipschorn: tsayinta ya kai ƙirjin mutum, nauyinta ya haura kilo 70, kaifinta kuwa wajen desibel 104. Har yau ana ƙera ta a garin. Ana danganta wa Klipsch maganar cewa abin da ƙasarsa ke bukata shi ne ampili mai kyau mai wat biyar.

Sautin ƙaho ba ya ɓuya. Bugun ganga yakan faɗo kamar makaɗin na tsaye a ɗakin, kuma ko an rage murya ƙasa ƙwarai kiɗan ba ya mutuwa. Aibinsa shi ne, a waɗansu tsofaffin samfura muryar mawaƙi takan fito kamar ta wanda ya tara tafin hannu a baki yana magana. Ita irin wannan lasifika tsabta take nema wurin ampili. Tun da wat ɗaya ya isa ya ta da maƙwabta, yawancin saurare a ƙasa da wat ɗayan ake yinsa, kuma duk wani gurnani ko huci da ampili ke da shi, wanda wata lasifika za ta haɗiye, ita sai ta fallasa shi. Da yawa daga cikin ampilin taransisto na farko-farko a daidai wannan mataki na ƙasa suka fi kaushi, shi ya sa masu ƙaho suka daɗe suna riƙe da ampili mai ƙwai.

A Ingila ma, a 1954, Gilbert Briggs mai kamfanin Wharfedale ya tara jama'a a babban ɗakin kiɗa na Royal Festival Hall a Landan, mai kujeru kusan 3000, yana sa makaɗa su yi kiɗa sannan a maimaita shi ta manyan lasifikokinsa don a gwada. Ƙananan ampili na Quad, masu wat 15 kowannensu, su ne suka yi aikin.

Akwatin da aka toshe

A wannan shekara ta 1954 wani malami mai suna Edgar Villchur, tare da ɗalibinsa Henry Kloss, suka kafa kamfanin Acoustic Research a garin Cambridge na jihar Massachusetts, suka juya al'amarin gaba ɗaya. Kafin su, abin da ke mayar da mazurarin lasifika mazauninsa bayan ya motsa shi ne taurin leɓen da ke kewaye da shi. Villchur ya sassauta leɓen ƙwarai, ya sa mazurarin a cikin ƙaramin akwati da aka toshe ko'ina, ya bar iskar da ke ciki ta yi aikin. Wanda ya taɓa toshe bakin famfon keke da yatsa ya danna, ya ji yadda iska ke turo hannunsa, ya fahimci dabarar. Sakamakon shi ne bas mai zurfi da tsabta daga akwatin da za a iya ɗorawa a kan kanta. AR-1 ta fito a 1954, AR-3 a 1958, AR-3a a 1967.

Sa'a ta kuma zo musu. A 1958 aka fara sayar da faifan sitiriyo, wanda ke bukatar lasifika biyu maimakon ɗaya, kuma matan aure kaɗan ne za su yarda a girke musu kabad biyu a falo. Kamfanin ya buɗe ɗakin saurare a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a birnin Niyok, inda matafiyi zai shiga ya ji ba tare da an tallata masa komai ba. Ya zuwa 1966 kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwar lasifika a Amurka yana hannunsa.

Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani injiniya, Anton Hofmann, wanda harafin sunansa ne na ƙarshe a sunan kamfanin KLH, ya bayyana ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa: ƙanƙantar akwati, zurfin bas, da kaifi, abu uku ne da maƙeri zai iya samun biyu daga ciki, na ukun kuwa dole ya sallama shi. Klipsch ya sallama ƙanƙanta. Villchur ya sallama kaifi. AR-3a wajen desibel 86 take bayarwa, kuma kamfanin da kansa ya ce kada a ba ta ƙasa da wat 25 a kowane gefe. Masu ita sun daɗe da gane cewa sai a wat 60 zuwa 100 take sakin jiki. Ita ce irin lasifikar da ake haɗawa da ƙaramar rediyo a ce ta mutu, alhali yunwa ce ke damunta. Sautinta mai taushi ne, siririyar muryarta ba ta tsawa, ta dace da kiɗan goge-goge na Turawa. Kishiyarta a kasuwa ita ce JBL L100 ta Kalifoniya, wadda ta fito a 1970 da fuskar soso mai gida-gida, sau da yawa launin lemo. Ita kaifinta ya kai wajen desibel 91, muryarta na gaba-gaba, ampili mai wat 30 ma na iya sa ta rawa.

Shigowar taransisto ce ta sa wat ya yi araha, sannan aka shiga tsere. Dynaco ST-70 na 1959, mai ƙwai, wat 35 yake bayarwa a kowane gefe. A farkon shekarun 1970 Phase Linear 700 ya zo da 350. A 1978 Pioneer ya fidda SX-1980 mai 270. Tseren ya haifi ƙarya, har sai da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a 1974 cewa dole a rubuta ƙarfin da ampili ke iya riƙewa a ɗore, ba na ƙiftawar ido ba. Ƙaryar ta sake dawowa a shekarun 1990 a jikin rediyoyin roba masu tambarin wat 1000 ko 2000 da haruffan PMPO. Ɗan kasuwa na iya kama ta da kansa: ya juya bayan na'urar ya karanta wat nawa take ja daga bango. Wadda ke shan wat 60 ba ta da inda za ta samo 1000 ta bayar.

Akwai abin da ke ɗaure wa mutane kai a nan, wato yadda ƙaramin ampili ke ƙona lasifikar da ta fi ƙarfinsa. In aka murɗa ampili fiye da iyakarsa, sai ya riƙa datse kan sautin, kiɗa ya koma kaushi, kuma wannan kaushi yawancinsa siririn sauti ne, wanda ke tafiya kai tsaye zuwa ga ƙaramin kwanon da ke fidda siririyar murya. Wayar wannan kwano ta kusa gashin kai siranta, ƴan wat kaɗan take jurewa. Alamar a bayyane take: da zarar murya ta fara tsagewa, an wuce iyaka. Ampili mai wat 80 da ake tafiyarwa a rabin ƙarfinsa ya fi zama lafiya ga AR-3a a kan mai wat 20 da aka ƙure.

Turjiya

Lamba ta biyu da ya kamata a duba a bayan akwati ita ce ta om, wadda ke nuna turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da ampili ke turo mata. Ƙarancin turjiya na nufin yawan jan wuta. Ampilin da ke fidda bolt 20, in lasifika mai om 8 ce a gabansa, amfiya biyu da rabi zai zuba. In mai om 4 ce, amfiya 5. In mai om ɗaya ce, amfiya 20, wato kamar a fasa bututu. Kuma lambar da aka rubuta matsakaici ce kawai, don turjiya na hawa da sauka gwargwadon sautin da ke wucewa. AR-3a an rubuta mata om 4, amma takan sauka ƙasa da haka a waɗansu sautuka. A shekarun 1980 an yi waɗanda suka yi suna wajen kashe ampili: Apogee Scintilla mai om ɗaya, da Infinity Kappa 9 wadda ke faɗuwa ƙasa da om ɗaya a wajen bas. Ba su da yawa a gwanjo, amma wanda ya ci karo da su ya sani ampilin falo na yau da kullum ba abokin tafiyarsu ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa ya fi wannan sauƙi. Ampilin Japan na shekarun 1970 suna da mazaunin lasifika biyu, A da B, sai mai gida ya ga dama ta samu ya sa biyu a falo, biyu a tsakar gida. A yawancin waɗannan na'urori haɗa A da B yana raba turjiya biyu: om 8 ta koma 4, om 4 ta koma 2. Gargaɗin na nan a rubuce da ƙananan haruffa kusa da inda ake ɗaura waya. A zafin watan Afrilu, lokacin da ɗaki ya haura digiri 40 tun ba a kunna komai ba, ampilin da aka ɗora wa om 2 ba ya daɗewa.

Lasifikokin shekarun 1950 su kuma can sama suke: om 15 ko 16, kamar tsofaffin Tannoy masu ƙaramin kwano a tsakiyar babba, ƙirar da kamfanin ya fito da ita a 1947. Ba sa wahalar da ampilin taransisto, sai dai rabin wat ɗin da aka rubuta masa kaɗai za su karɓa, kuma masu saurare da yawa kan ji bas ɗinsu ya rame. Dalili shi ne ampili mai ƙwai yana riƙe mazurari ne sako-sako, maƙeran lokacin kuma sun lissafa da wannan sassauci. Taransisto kuwa riƙon kama-karya yake yi. Wanda ya samu ampili mai ƙwai zai ga mazaunin waya uku a bayansa, 4, 8 da 16, ya zaɓi wanda ya dace da akwatinsa. Kada kuma a kuskura a kunna shi ana kiɗa babu lasifika a haɗe, don taransifomar da ke bakin fitarsa na iya ƙonewa, ita ce kuwa mafi tsada a cikinsa.

Biyu daga Ingila

Babu lasifikar da ta kai Quad ESL ta 1957 zaɓen abokin zama. Peter Walker, mai kamfanin Acoustical a garin Huntingdon, ya yi ta ba tare da mazurari ko maganaɗisu ba. Leda ce wadda ta fi gashin kai siranta, aka miƙe ta tsakanin faranti biyu masu ƴan hudoji, aka cika ta da dubban bolt, shi ya sa take da nata igiyar da ake sakawa a bango. Da yake ledar ba ta da nauyi, muryar mutum da ta kayan tsirkiya irin su gurmi da garaya kan fito daga cikinta tsaf, yadda har yau masana ke auna sababbin lasifikoki da ita. Bas ɗinta kaɗan ne, ba ta ƙara sosai, kuma daɗinta sosai mutum ɗaya ne ke ji, wanda ya zauna a tsakiya.

An yi ta ne don ampilin Quad II mai wat 15. Iyakar abin da take jurewa bolt 33 ne. Ampili mai wat 100 kuwa yana kaiwa bolt 40. In aka zarce, tartsatsi kan tsallaka tsakanin farantan ya huda ledar, kuma siririyar murya ta tafi ke nan sai an sake faranti. Shi ya sa da kamfanin ya fito da ampilinsa 405 mai wat 100 a 1975, sai ya tanadi hanyar daƙile ƙarfinsa saboda masu wannan lasifika. Turjiyarta ma ba ta zama wuri ɗaya: ta haura om 30 a wajen bas, ta faɗo ƙasa da om 2 a ƙololuwar siririn sauti, abin da ke sa waɗansu ampili rawar jiki har su lalace. Ga kuma ƙura, wadda wutar da ke jikin ledar ke janyowa. A ƙasar da hunturu ke zuwa da hazo wata uku, duk wadda ledar kariyarta ta yage ba ta da tsawon rai. Mai gyara ya kiyaye: wuta na nan maƙale a cikinta ko bayan an zare igiya.

Ta biyun ƴar ƙarama ce, tsayinta santimita 30, sunanta LS3/5a. Injiniyoyin BBC ne suka tsara ta a tsakiyar shekarun 1970 don motocin ɗaukar shirye-shirye, inda wuri ya yi ƙunci kuma abin da ake so shi ne a ji muryar mai magana yadda take. Gidan rediyon ya ba kamfanoni irin su Rogers, Spendor da Harbeth lasisin ƙera ta da kwanukan KEF. Kaifinta wajen desibel 83 ne, ƙasa da na AR, amma kuma ba ta jure wat mai yawa. Turjiyarta om 15, daga baya aka mai da ita 11. Ampili mai wat 25 zuwa 50 ya ishe ta. Wanda ya nemi ta cika tsakar gida ranar suna zai ji mazurarinta na bugun ƙasa, ƙas-ƙas, kafin ya rasa ta. A ƙaramin ɗaki, mita biyu daga kujera, ba ta da na biyu wajen labarai da waƙa.

Abin da shekaru suka ci

Duk waɗannan lambobi na sabuwar lasifika ne. Wadda ta shekara 40 ko 50 ta riga ta sauya, kuma sauyin na shafar abin da za ta iya karɓa. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni da dama, har da AR, Advent, da Tannoy a samfurin HPD na 1974, sun koma yin leɓen mazurari da soso. Soson nan shekara 15 zuwa 20 yake yi ya ruɓe, zafi kuma na gaggauta shi; yatsa na taɓa shi sai ya zube kamar garin ƙuli-ƙuli. A akwatin da aka toshe, ruɓewar leɓe na nufin iska ta samu hanya, babu sauran abin da ke riƙe mazurari, wat kaɗan ya isa ya sa naɗin wayar ya gogi maganaɗisu ya kwaile. Masu leɓen yadi, irin su Klipsch, Altec da L100, sun fi tsawon rai. A cikin akwati kuma akwai kondansata da ke raba sauti tsakanin babban kwano da ƙarami. In ta tsufa takan bar kakkauran sauti ya zarce wurin ƙaramin, shi kuwa ba ya ɗauka.

Maganaɗisu ma na da nasa labarin, wanda ya biyo ta Afirka. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970 manyan lasifikoki da maganaɗisun alnico ake yinsu, gaurayen ƙarfe mai kobalt a ciki, mafi yawan kobalt na duniya kuwa daga Zayar yake fitowa. A watan Mayu na 1978 ƴan tawaye suka shigo daga Angola suka kama garin ma'adinai na Kolwezi a lardin Shaba, har sojan laima na Faransa suka sauka. Kuɗin kobalt ya ninka sau da dama, JBL da Tannoy da sauransu suka koma maganaɗisun ferit mai araha. Masu tara tsofaffin kaya sun fi daraja na alnico, amma shi yana da rauni guda: bugu mai tsanani, ko faɗuwa daga mota ko wat da ya wuce kima, na iya rage masa ƙarfi, lasifika ta dusashe ba tare da an ga tabo ba.

Gwaji kafin biya ba ya cin lokaci. A cire fuskar yadi a duba leɓe. A buɗe yatsu a danna mazurari a hankali: in an ji karce, waya ta taɓu, in akwatin toshe ne, ya kamata mazurarin ya dawo a sannu, wanda ya dawo nan take iska na fita. Mitar mai gyaran rediyo za ta nuna wajen 6 ga lasifika mai om 8, wajen 3 ga mai om 4. A kunna kiɗa ƙasa-ƙasa a kai kunne ga kowane kwano ɗaya bayan ɗaya. In da ampili aka zo da ita, a karanta bayansa kafin a sa a bango: na Amurka bolt 120 yake ci, na cikin gidan Japan 100, wutar Nijar kuwa 220 ce, kuma ba kowanne ne ke da makunnin sauyawa ba.

Sauran haɗari a rumfar gyara yake. Abin da ya fi sauƙi ga mai gyara shi ne ya cire tsohon kwano ya dasa na mota mai ƙyalli, ƙara ta dawo, kowa ya yi murna. Amma akwati da kwano da mai raba sauti an lissafa su ne tare, kuma masu saye a Japan, Koriya da Turai, waɗanda ke biyan kuɗi mai tsoka a kan tsofaffin Tannoy da JBL, tambayarsu ta farko ita ce ko kwanukan na asali ne. Sabon leɓen soso ana sayar da shi tare da gamsa daidai da kowane samfuri, yana shiga ambulan, mai gyara mai haƙuri kan liƙa shi cikin yini guda. Kwanon AR-3a da aka cire aka jefar a bola kuwa, shekaru da dama ke nan da daina ƙera shi.